Tsingaro Arba'in da Bakwai

A kwalin sabulu suka zo mini,
kowanne nannaɗe da tsohuwar jarida.
Ofori ya ƙirga, na sake ƙirgawa:
arba'in da bakwai.
Ya ce daga gindin wani tudu ne, hanyar Dodowa,
inda ƙasa ke daina baƙi ta koma ja.

Kwana tara suna jiƙe a roba.
Gishirin da ƙasa ta ɗura musu
sai ya fita tukuna,
in ba haka ba ya ci su ta ciki kamar zago.
Kowace safiya in zubar, in zuba sabo,
mai jinyar da ba ta san sunan majinyaci ba.

Daga Nima zuwa Legon mota biyu ce.
Inna Lantana na ƙulla koko a leda,
ba ta ko ɗago kai ba:
"Fuseina, har yau tukunyar nan?
In ta haɗu, ruwa zai zauna?
Ga na dalma a Mamobi sun yi tsibi,
ke da karatunki kin ƙare a ɗorin kasko."
Na ɗauki kokona, na yi shiru,
yaron mota na kiran Madina, Madina.

Na baje su kan tebur,
baki nan, wuya nan, gindi can,
marasa dangi a tsakiya.
Daga gindi ake tashi, kamar ginin ɗaki.
Ido yakan yi ƙarya, yatsa ba ya yi:
in biyu suka dace
akwai ɗan ƙas da farce ke ji kafin kunne.
Gam kaɗan a bakin buroshi,
in dasa su a tiren yashi su kwana tsaye.

Ran Laraba hadari ya taso daga teku.
Na cusa na ashirin da uku inda ba gidansa ba,
don launinsa ya yi,
don ina son in riga ruwa zuwa tasha.
Washegari wuyan duk ya karkace.
Aikin kwana huɗu!
Na jiƙa auduga da asiton
na kwance abina, ina tsaki.

Da la'asar wuta ta ɗauke,
na ja kujera bakin taga.
A nan, ƙarƙashin kunkunniya,
huji biyu, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba,
ɗaya wannan gefen tsaga, ɗaya wancan.
Ba aikin gara ba ne.
Gara ba ta awo.

Ashe wata ta riga ni.
Ta zauna, ta ɗora tukunyar a cinya,
ta murza tsini a hankali kada tsagar ta gudu,
ta zura igiya, ta ja, ta ƙulle.
Ruwa ba zai ƙara zama ba, ta sani,
sai ta zuba wake, wataƙila, ko gyaɗa.
Igiyar ƙasa ta cinye tun tuni.
Ban san yarenta ba,
amma na san yadda ta riƙe numfashi
sa'ad da tsinin ya kusa ɓullewa.

Arba'in da shida suka zauna.
Na ashirin da uku ɗan wata tukunya ne,
na mai da shi leda da lambarsa,
ya jira nasa, in suna zuwa.
Giɓin kafaɗa, faɗin yatsa uku,
na cike da filasta.
Ofori ya ce in shafa launi ya ɓace.
Na ƙi. Na bar shi da haske kaɗan,
mai kallo ya san inda hannunta ya tsaya
da inda nawa ya yi karambani.

Da dare na ba Inna labari.
Tana tace gasara, ba ta ce uffan ba
har ta matse tsumma, ta shanya a igiya.
Sannan ta juyo:
"Hujin nan,
da me kika ce ta huda shi?"